Wa Ke Riƙe Da Akalar Kwamfutarmu?



Yau maganarmu a kan ƙaramar kwamfuta ce, wadda waɗansu ke kira ordinatar. Kun san ta. Ana buɗe ta kamar littafi, ana rufe ta kamar littafi. Ba ta fi faifai girma ba. Akwai ta a biron ƙungiyar manoma. Akwai ta wurin magatakardan bankin cimaka. Akwai ta a jakar yaron da ya komo daga ci-rani. Daga Kornaka har Birnin Lalle, da yawa cikinsu suna kwance a akwati, ƙura ta rufe su. In ka tambaya, sai a ce maka: "Ai ta mutu."

Ni ban yarda ba. Da yawa cikinsu ba su mutu ba. Kaya aka labta musu fiye da ƙarfinsu. Kuma akalarsu tana hannun waɗansu, ba hannun masu su ba. Wannan shi ne abin da nake faɗa da shi. Ku karanta a hankali. Wanda ya riga ya gane, ya bayyana wa na kusa da shi.

Me ke cikin cikinta?

Kwamfuta abu biyu ce. Akwai jiki: gilashi, da madannai, da batir. Wannan ana taɓa shi da hannu. Akwai kuma abin da ke tafiyar da jikin, wanda ba a taɓawa. Sunansa babbar manhaja. Masu gyara a Maradi suna ce mata sistem. Ita ce madugun ayari. Ita ke cewa wannan ya tashi, wancan ya tsaya. In ka danna baƙi, ita ke fito da shi a gilashi. In ka ajiye takarda, ita ta san inda ta sa ta.

Cikin jikin kuma akwai wuri biyu da ya kamata ku sani. Na farko kamar rumbu yake: nan ake ajiye takardu, ko an kashe na'ura suna nan. Na biyu kamar tabarma yake: nan ake baza aikin da ake yi yanzu. Mudun da ake auna su duka biyu sunansa giga. In tabarma ƙarama ce, ba a baza kaya da yawa a kanta. Ku riƙe wannan, don nan maganar take.

Kayan raƙumi a bayan jaki

Irin wannan ƙaramar kwamfuta ta yi suna ne a 2007. A shekarar nan kamfanin Asus na Taiwan ya fito da wadda ya kira Eee PC. Nauyinta bai kai kilo ɗaya ba. Rumbunta giga 4, tabarmarta rabin giga. Waɗanda suka biyo bayanta, mafi yawansu tabarmarsu giga 1 ce. Wajen 2013 manyan kamfanoni suka daina ƙera irinsu. Mutanen Turai da Amurka suka sake na'ura, tsofaffin suka gangaro kasuwanninmu a cikin kayan gwanjo.

Da yawa sun zo da babbar manhajar kamfanin Microsoft, wato Windows. Kamfanin ya daina kula da Windows XP a 2014. Ya daina kula da Windows 7 a 2020. Windows 10 ma wa'adinta ya cika a watan Oktoba na 2025. Sabuwar, Windows 11, tana neman tabarma giga 4 da rumbu giga 64, in an yi ƙaranci ke nan.

To, ku yi lissafi da kanku, tunda yanzu kun iya. Mai tabarma giga 1, a ɗora mata abin da ke neman giga 4? Ko Windows 10 da waɗansu ke tura mata da ƙarfi, nishi take sa ta. Ka kunna ta, ka je ka yi alwala, ka komo ba ta gama buɗe ido ba. In ka ɗora wa jaki kayan raƙumi ya durƙusa, ba jakin ne ya lalace ba. Mai ɗora kayan ne bai san aikinsa ba.

Mutum uku da nake ƙara

Na farko shi ne mai cewa: "Jefar da ita, sayi sabuwa." Faɗi ba wuya. Da kuɗin wa? Buhun wake nawa za a kai kasuwa? Tunkiya nawa? Mai wannan magana sau da yawa shi ne mai sayar da sabuwar. Ba a tambayar mahauci ko akuya ta isa yanka.

Na biyu shi ne mai gyaran da magani ɗaya ya sani. Ko me ya sami na'ura, sai ya ce a wanke ta, abin da suke kira formate. Wankewar nan share rumbu ce gaba ɗaya. Sunayen waɗanda suka ɗauki hatsi bashi, sun tafi. Lissafin asusun mata na shekara guda, ya tafi. Sa'an nan ya mayar mata da kayan nan masu nauyi, sau da yawa kwafin da ba na halal ba. Bayan wata uku ciwo ya komo, kai ma ka koma, ka sake biya, ga kuɗin mota. Ban ce duk masu gyara haka suke ba. Akwai na kirki, masu tsoron Allah. Amma wanda zai ƙone rumbu don ya kashe ɓera, kada ka ba shi rumbunka.

Na uku shi ne mai kyauta da ya tafi da makulli. Furoje ya zo, an yi taro, an yi tafi, an ɗauki hoto, an ba ƙungiya kwamfuta. Amma kalmar sirri ta babban mai izini tana wurin wani ma'aikaci. Ba a koya wa kowa a gari yadda ake kula da ita ba. Shekara uku furoje ya ƙare, ma'aikaci ya tafi. Ranar da na'ura ta yi tari, babu mai ba ta magani. Mun ga irin wannan tun zamanin famfunan da aka kafa ba tare da mai gyara ba. Famfo ya tsaya saboda ɗan ƙarfe guda, mata suka koma rijiya da guga. Sai da aka fara koya wa ƴan gari gyara, aka kafa asusun famfo, sa'an nan ruwa ya dawwama. Ashe ba mu ɗauki darasi ba?

Akwai kaya daidai jaki

Abin da ba a gaya muku ba shi ne, babbar manhaja ba guda ɗaya ba ce a duniya. Ana cire wata, a sa wata, jiki yana nan yadda yake.

A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta wadda ake kira Linux. Bai kulle ta ba. Ya bar kowa ya ɗauka, ya duba cikinta, ya gyara, ya ba wani. Mutane dubbai a ƙasashe dabam-dabam suka sa hannu, kamar yadda muke gayya a gona. Har yau ba a biyan kuɗin izini kafin a sa ta. Kwafe ta ba sata ba ce, halal ce.

Linux iri-iri ce, kamar yadda hatsi yake iri-iri. Akwai Debian, tun 1993. Akwai Ubuntu, wadda wani mutumin Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa a 2004. Akwai marasa nauyi, irin su antiX, da aka yi musamman don tsofaffin na'urori masu ƙaramar tabarma. A Faransa ma akwai masu aikin sa kai da suka haɗa wata mai suna Emmabuntüs, don tayar da kwamfutocin da mutane suka yar. Kuma ku ji wannan: Eee PC ta farko, ta 2007, da Linux aka sayar da ita. Ke nan ba baƙon abu za a sa mata ba.

Da irin wannan manhaja, ƙaramar kwamfuta tana rubuta wasiƙa. Tana jera sunaye. Tana haɗa lissafi. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka fara a nan jihar Maradi a 1991, abin da suke bukata ke nan: wa ta zuba, wa ta ɗauka, wa ta biya. Bankin cimaka abin da yake bukata ke nan: tiya nawa ta shiga, tiya nawa ta fita. Makiyayin kwarin Tarka da zai kai kuka wurin hukumar filaye saboda an cinye burtali, takarda mai tsabta yake bukata, da kwafi a ajiye. Duk wannan bai fi ƙarfin giga 1 ba.

Akwai ma wata manhaja mai suna Kiwix. Da ita ana zuba Wikipedia ta Hausa a cikin rumbu, a yi ta karatu ba tare da intanet ba.

Baƙaƙenmu huɗu

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Kun zauna a ajin yaƙi da jahilci, da rana ko da fitila, kun koyi ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Malam ya sha wuya kafin hannunku ya saba da lanƙwasarsu. A 1966 masana sun taru a Bamako kan yadda za a rubuta harsunanmu. A 1999 gwamnatin Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa, da baƙaƙen nan huɗu a ciki. Amma kwamfutar da ake kawo mana, madannanta na Faransanci ne ko na Ingilishi. Ka nemi ƙ, babu. Sai a ce maka: "Rubuta k, ai duk ɗaya ne."

Ba ɗaya ba ne! Ka rubuta wa mutanen wani ƙauye: "Gobe ku zo fada." Wato wurin sarki. Ka kuma rubuta: "Gobe ku zo faɗa." Wato da sanduna. In babu ƙugiya, yaya za su bambanta? Ƙasa dabam, kasa mai sara dabam. Baƙi dabam, baki dabam. Wanda ya ce ku yar da ƙugiya, ya ce ku yar da rabin abin da kuka koya.

Kuma ƙarya ne a ce na'ura ba ta iyawa. Cikin Linux akwai tsarin madannai na Hausa, zaɓarsa kawai ake yi. Akwai kuma salon baƙaƙe mai suna Andika, wanda ƙungiyar SIL ta zana musamman don sababbin masu karatu. Kyauta ne, baƙaƙenmu duka suna ciki. Aikin ɗan lokaci ne ga wanda ya sani. In an gama, ka sami ɗan fenti ko takarda mai gam, ka yi alama a kan madannan da ke fito da su. Ana iya ƙara wa rubutu girma, saboda dattawa masu raunin ido. Ana iya kawar da duk abin da ba ka aiki da shi daga gilashi, a bar uku ko huɗu. Wannan shi ne daidaita na'ura. Tela ma sai ya auna ka kafin ya yanka yadi.

Masu musu

Wani zai ce: "Muna da salula, me za mu yi da kwamfuta?" Salula tana da amfani, ba mai musu. Amma ka gwada jera sunan mutum 60 da bashin kowa a kan ɗan gilashin nan. Kuma salula ta mutum ɗaya ce. Yau tana gari, gobe ta tafi ci-rani da mai ita. Kwamfutar ƙungiya tana zaune inda ƙungiya take.

Wani zai ce: "Abin kyauta ba ya da kyau, araha ba ta ado." To, salularka mai shafawa, in Android ce, a kan Linux aka gina ta. Tana aljihunka tuntuni, ba ka sani ba.

Wani zai ce: "Masu gyaranmu ba su san ta ba." Wannan akwai gaskiya a ciki. Amma da can wa ya san gyaran babur a ƙauyukanmu? Wa ya san gyaran salula? Da aka nema, yara suka koya. In ƙungiya goma suka ce Linux suke so, mai gyara zai koye ta kafin kaka. Akwai ɗalibai a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, ƴaƴanmu ne, suna zuwa hutu. A tambaye su.

Wani zai ce: "Mu da muka koyi karatu jiya, ina mu ina wannan?" Wannan ita ce maganar da na fi ƙi. Kai da ka san ciwon saniya tun daga tafiyarta? Ke da kike riƙe lissafin adashi na mutum 30 a ka? Umarnin da ke kan gilashi da Faransanci yake, gaskiya ne. Amma kalmomin da za ku yi aiki da su kullum ba su da yawa: buɗe, ajiye, kwafa, rufe. A rubuta su a kaye da ma'anarsu. Da koyo akan iya.

Ba zan ruɗe ku ba. Ƙaramar kwamfuta ba ta zama raƙumi don an sake mata kaya. Shafukan intanet na yanzu suna yi mata nauyi. Bidiyo mai yawa yana gajiyar da ita. In batir ya mutu ko gilashi ya fashe, manhaja ba ta gyara wannan. Kuma tsofaffin ciki, waɗanda masu gyara ke kira masu 32, ba kowace Linux ke shiga cikinsu ba yanzu: Debian ta 13, ta 2025, ta daina yi musu. Don haka ne nake cewa a auna kafin a ɗinka.

Darasi daga nesa

A 2005, a birnin Tunis, wani malami daga Amurka, Nicholas Negroponte, tare da Kofi Annan, suka nuna wa duniya wata ƴar koriyar kwamfuta. Aka ce kowane yaro zai sami tasa a kan dalar Amurka 100. A 2007 aka gwada ta a makarantar Galadima, kusa da Abuja. Ƙasar Peru ta saya dubu ɗaruruwa ta raba. A 2012 bincike ya nuna yaran Peru da suka samu ba su fi sauran iya lissafi ko karatu ba. Ƙasar Urugwai ita ma ta raba, amma ta kafa hukumar da ke gyara, tana koyar da malamai, kuma shirinta ya daɗe. Na'ura iri ɗaya ce. Bambancin shi ne wanda ya tsaya a kanta bayan an gama tafi.

Abin da za ku yi

In kuna da ita, ko za a ba ku, ga sharuɗɗa. Ku kwafe su a kaye.

1. Ku karɓi kalmar sirri ta babban mai izini. A rubuta ta a takarda, a ba mutum biyu amintattu. Kyautar da ba makulli, aro ce.

2. Kafin kowa ya taɓa ta da sunan gyara, a kwafe takardunku a ɗan abin ajiya da ake kira kile. A yi a gabanku. A buɗe kwafin ku gani da idonku.

3. Ku ce a fara gwada Linux daga kan kile, ba tare da an share kome ba. Ana iya wannan. In sauti da madannai da gilashi duk sun yi aiki, sa'an nan a sa ta.

4. Ku ce a raba rumbu biyu: gefe ɗaya na babbar manhaja, gefe ɗaya na takardunku. In wata rana an sake manhaja, takardu suna nan.

5. Kada ku tashi daga wurin mai gyara sai kun rubuta ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da hannunku, manya da ƙanana.

6. Kowane mako a kwafe aiki a kile biyu. Ɗaya wurin magatakarda, ɗaya a wani gida. Kuma kada a yar da kaye. Rijista ta takarda tana nan, kwamfuta mataimakiyarta ce.

7. Kile yana ɗaukar cuta daga na'ura zuwa na'ura, irin wadda ke ɓoye takardu. Mafi yawan cutukan nan don Windows aka yi su, ba su kama Linux. Amma kilen yana iya kai su wurin wani. Kada a ba da kilen ƙungiya don zuba waƙoƙi.

8. Lokaci lokaci, in an sami intanet mai ƙarfi, a sabunta manhaja. Kamar rigakafin dabbobi ne: ba a jira sai ciwo ya zo.

9. Ƙura da zafi su ne abokan gabanta. Lokacin hunturu a naɗe ta cikin zane bayan aiki. Kada a aza ta a kan katifa ko yashi tana aiki, don ta ƙasa da gefe take numfashi. Kada a bar ta a rana.

10. A kashe ta ta hanyar da aka koya, ba da fizge waya ba. In da sola ake cika batir, a tabbata wutar daidai take da abin da aka rubuta a jikin cajarta.

11. Ƙungiya ta zaɓi mutum biyu, mace da namiji, waɗanda ke zaune a gari rani da damina, a koya musu. A ware ɗan abu a asusu don batir da gyara.

Ƴan'uwa, da can in wasiƙa ta zo, sai mu ɗauke ta mu nemi mai karanta mana. Ya ji sirrinmu, ya faɗi abin da ya ga dama. Don mu fita daga wannan ne muka shiga aji da furfurarmu. Yanzu rubutu ya koma cikin na'ura. In muka bar akalarta a hannun wani, mun koma gidan jiya, sai dai mai karanta mana ya sake riga. A taro mai zuwa, ku sa a fito da ita daga akwati, a kakkaɓe ta, a kunna. Ku tambayi shugabanku a gaban kowa: kalmar sirri tana wurin wa? Kwafin lissafinmu yana ina? Wa aka koya wa a garin nan? In babu amsa, kada a tashi taron sai an sa rana.

Ku tattauna wannan a ajinku, ku rubuto mana abin da kuka yanke. Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.